Tauraro ɗaya ya hana ni barci, in bi masu sharhi ne ko in bi labarina?

Sabuwar_Marubuciya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta da makaranta, dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen don abin ya cika min ciki. Wata huɗu kenan da na fara sakin labarina na farko a onlayin, babi biyu duk sati, yanzu ina babi na 31. A Wattpad, dandalin rubutawa da karanta labarai, nake sawa, sannan akwai wata manhaja da ake ba littafi taurari daga ɗaya zuwa biyar, nan ma ina ɗorawa. To a can ɗin mutum shida ne suka taɓa ba ni tauraro kuma duk biyar-biyar ne (ba zan ɓoye muku ba, uku ƙawayena ne, ɗaya kuma ƙanwata ce na karɓi wayarta na danna da kaina 😅), shekaranjiya kawai na tashi da safe na tarar wata ta maka min tauraro ɗaya tak, ta rubuta wai labarin jan rai ne kawai, wai jarumar kullum kuka take kamar an kunna famfo, wai babi goma na farko in an haɗe su suka zama biyu ba abin da za a rasa. Makin littafin ya sauko daga 5 zuwa 4.4. Wlh ranar ko layi ɗaya ban iya taifin ba, na karanta sharhin nan ya fi sau ashirin har na haddace shi.

Sai na biyu. Kowane babi in na saka mutum wajen 900 ke buɗewa, amma masu yin magana ba sa wuce goma sha biyar, su ma yawanci "mun gode" ne da "Allah ya ƙara basira" da "ci gaba dan Allah" sai hoton zuciya. 'Yan kaɗan ɗin da ke sharhi na gaske kuma sun rabu gida biyu, wasu na son jarumar ta ƙare da likitan, wasu na son abokin yayanta, kuma 'yan likita sun fi yawa sun fi baki, har wata ta biyo ni ta saƙo ta ce in dai ba likitan ba ne ita ta daina karantawa kuma sai ta gaya wa mutane kar su ɓata lokacinsu. Ni kuma tun kafin in rubuta kalmar farko na san ba likitan ba ne, tun babi na huɗu nake binne alamu.

To yanzu ya zan yi? In juya labarin in ba su abin da suke so ne? Waccan mai tauraro ɗayan in ba ta amsa ko in yi shiru? Kuma wai taurarin nan da gaske suna da wani tasiri ne ko ni ce kawai na ɗora wa kaina?

Uwar_Alƙalami:

Wa alaikumus salam, sannu ƙanwata, sha ruwa tukunna. Shekarata tara ina wannan harkar kuma har yau in na ga mummunan sharhi sai cikina ya ƙulle, ba a sabawa, sai dai mutum ya koyi yadda zai yi da shi.

Bari in fara da batun likita tunda shi ne na taɓa ƙonewa a kai. Littafina na biyu haka aka yi min, aka taso ni a gaba kan lallai sai wane, ni kuma lokacin ina ganin ai makaranta su ne iyayen gida, na juya akalar labarin a tsakiya na ba su wanda suke so. Kin san me ya faru? Duk abin da na shuka a babukan farko ya zama banza, mutumin da na gina shi a kan mai son kansa dare ɗaya ya koma waliyyi ba dalili, kuma waɗanda suka fi kowa matsa min su ne suka fara cewa wai ƙarshen ba armashi, ai dama sun san haka za a ƙare. Har yau ba na son a tuna min da littafin nan. Mai karatu in ya ce miki "a ba likita" ba wai tsarin labari yake faɗa miki ba, yana faɗa miki ne kin yi nasarar sa shi ya ƙaunaci likitan. Faɗan da suke yi ɗin nan alheri ne, ba wanda zai tsaya yin faɗa a kan mutanen da bai damu da su ba. Wadda ta ce za ta daina karantawa kuwa, ki sa ido, ita za ki fara gani ranar da kika saki na 32.

Amma kar ki ji na ce haka ki ɗauka duk sharhi iska ne. Ni yadda na ɗauki makaranci kamar maras lafiya ne a gaban likita (ga likita ya sake dawowa 😂), in ya ce nan ke min ciwo to gaskiyarsa, ya fi kowa sanin inda ke masa ciwo, amma in ya fara rubuta wa kansa magani sai ki karɓe biron. "Babi na bakwai ya gundure ni", wannan ciwo ne, ki saurara. "Ki kashe wance ki aurar da wane", wannan magani ne, ba aikinsa ba ne.

To in kika auna da haka, yarinyar nan mai tauraro ɗaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ta fi masu "Allah ya ƙara basira" ɗari yi miki amfani. Abu uku ta lissafa miki kuma duka ukun ana iya zuwa a duba: jan rai, yawan kuka, da nauyin babukan farko. Ba ta zage ki ba, ba ta taɓa iyayenki ba, kuma aƙalla ta zauna ta karanta babi goma. Harshenta ne dai ba daɗi. Ki bari kwana uku su wuce zuciyarki ta sauka, sai ki ɗauki littafin ki ƙirga babi nawa jarumar ta yi kuka a ciki. Sannan Wattpad ai yana nuna miki yawan waɗanda suka buɗe kowane babi, ki jera su ki ga a ina mutane suka fi zubewa. In a goman farko ne to ruwa ba ya tsami banza.

Amsa kuwa, ko dai ki ce "na gode da kika karanta" ki tsaya nan, ko ki yi shiru. Kar ki kuskura ki kare kanki, kar kuma ki ɗauki hoton sharhin ki kai wa masoyanki su je su far mata. Na ga marubutan da suka yi haka, an manta da sharhin amma ba a manta da rashin haƙurinsu ba.

Ɗan_Lissafi:

Ni ba marubuci ba ne, karatu nake sai kuma son lambobi, don haka ta nan zan shigo.

Hajiya tauraro ɗayan nan ya yi miki zafi ne saboda taurarinki ba su da yawa. Shida masu biyar-biyar jimla 30, a ƙara 1 ya zama 31, a raba bakwai, 4.4 kenan. Don ki koma 4.8 sai kin samu sabbin mutum 13 kowa ya ba ki biyar. Amma da a ce mutum 200 ne suka ba ki maki kina kan 4.6, wannan ɗayan da ƙyar zai motsa ki, 4.58 za ki koma, ba ma wanda zai lura. Kenan ciwonki ba na mutum ɗaya da ya ƙi littafin ba ne, na ƙarancin masu dannawa ne.

Kuma shirun da kike gani ba ke kaɗai ba ce. Tun 2006 wani masanin yadda mutane ke amfani da intanet, Jakob Nielsen, ya yi bayanin abin da ake ce wa 90-9-1, wato a cikin mutum ɗari kusan 90 kallo kawai suke, 9 sukan tofa jefi-jefi, mutum 1 ne ke yin yawancin surutun. Ke 15 cikin 900, bai kai biyu cikin ɗari ba, daidai kike da sauran duniya. Abin lura a nan shi ne 'yan likitan da kike ji kamar su ne kowa, mutum nawa ne? Tara? Goma? Sauran 880 da ɗoriya ba su ce miki komai ba, ba ki san wa suke so ba, kina shirin rushe gini saboda mutum goma.

Shin taurari na da tasiri? Suna da shi, ba zan yi miki daɗin baki ba. A 2006 wasu masu bincike biyu, Chevalier da Mayzlin, sun duba cinikin littattafai a Amazon da shafin Barnes & Noble, suka ga sharhi na motsa ciniki, kuma mai tauraro ɗaya ya fi ja ƙasa a kan yadda mai biyar ke ɗagawa sama. Amma ga wanda zai sanyaya miki rai: a 2013 mujallar Science ta buga wani gwaji na Muchnik da Aral da Taylor, suka ɗauki tsokaci sama da dubu ɗari a wani shafin labarai, wasu tsokacin suka ba su ƙuri'ar yabo ta farko da gangan, wasu ta kushe, wasu aka bar su haka. Waɗanda aka fara yabawa, yiwuwar mai zuwa na gaba shi ma ya yaba ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, makinsu na ƙarshe kuma ya ɗaga da kusan kashi 25. Waɗanda aka fara kushewa fa? Sai mutane suka riƙa zuwa suna gyarawa da ƙuri'ar yabo, kushen bai yi nisa ba. Yabo na jan yabo, kushe kuma sau da yawa yana tada masu kare ka.

Wani abu kuma, tsarin taurari biyar ɗin kansa gurgu ne, mutane ba sa amfani da tsakiya, sai wanda abu ya burge ƙwarai ko ya ƙona wa rai ne ke tsayawa ya danna. YouTube da taurari biyar ya fara, suka lura kusan kowa biyar yake bayarwa, a 2010 suka koma babban yatsa sama ko ƙasa, Netflix ma ya yi haka a 2017. Wattpad da kike kai ba shi ma da hanyar rage maki, tauraron can ƙuri'a ce ga kowane babi, ko ka danna ko ka wuce. Royal Road kuma, wani shafin sakin labarai a onlayin, ya bari mai sharhi ya raba makin, na salo daban, na labari daban, na nahawu daban, na mutanen cikin labari daban, wanda ni a gani na shi ya fi yi wa marubuci amfani don ka san ta ina aka kama ka.

Batun wayar ƙanwarki kuwa 😄 na san wasa ne amma kar ya zama ɗabi'a. Amazon ba ya yarda da sharhin dangi da na makusanta, yana cirewa in ya gano, a Amurka ma hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta fitar da doka a 2024 da ta haramta saye da sayar da sharhin bogi.

Mai_Karatun_Dare:

Toh ni dai ina cikin 880 ɗin nan da ake ta magana a kansu kamar ba ma nan, bari yau in yi magana.

Anty marubuciya kinsan me yasa bama komen? Ni da dare nake karatu in na gama aikina na kwanta, ido na rufewa, in na gama babi ɗaya hannuna na gaba yake nema ba wajen rubutu ba. Na biyu kuma tsoro, wlh na taɓa rubuta wa wata marubuciya cewa lissafin shekarun jarumarta bai hau ba, ta ce shekararta 19 kuma ta gama jami'a har ta yi aikin shekara uku, abinda na faɗa kenan fa cikin ladabi, kafin gari ya waye masoyanta sun yi min ca, 'yar hassada, in kin isa ki rubuta naki, tun daga ranar na ɗinke bakina. Ku marubuta kuna cewa a yi sharhi a yi sharhi amma da yawanku yabo kuke nufi, in ba yabo bane sai a ga fuska ta canza.

Sannan abinda ya fi ƙona min rai shine a ce wai "in ban ga komen ɗari ba ba zan saki na gaba ba". Me ake samu? Ɗigo ɗigo da sitika da "nais" guda ɗari, an cika lamba amma ba wanda ya faɗi komai. Ni in naga haka ajiye littafin nake sai an gama, wani ma na manta dashi.

Kuma ku yi haƙuri, sharhin da ake rubutawa a gaban littafi mai taurari ba naku bane, namu ne. Waccan baiwar Allah ba wasiƙa ta rubuto miki ba, mu take gaya wa ga abinda za ku tarar. Ni in zan fara sabon littafi masu tauraro uku nake fara nema na karanta sbd su ne ke faɗin daɗin da rashin daɗin, in naga littafi duk biyar-biyar daga mutum shida nasan 'yan gida ne 😂 4.4 ɗinki ya fi 5 ɗin da kama da gaskiya a ido na. Har ma akwai littafin da mummunan sharhi ne ya kai ni gare shi, wani ya ce wai soyayyar a hankali take tafiya kamar hawainiya, ni kuma irinta nake so.

In kina son mu yi magana ki tambaye mu abu ƙarami a ƙarshen babi, misali wa kuke ganin ya ɗauke wasiƙar, ko a wane layi kuka fara zargin wane. Wannan ko da ido ɗaya zan amsa. "Ku yi sharhi" kuwa kamar an ba ni jarrabawa ne.

Ba_Ruwana:

Duk na yarda amma kar a mai da kowane mai kushe malami. Akwai wanda bai karanta ko shafi ɗaya ba, sunan marubucin kawai ya gani ya danna ɗaya, akwai masu haɗa kai su yi wa littafi ruwan tauraro ɗaya don sun saɓa da mai shi, a Goodreads, shafin da makaranta ke ba littattafai maki, an sha kuka da wannan har ana dakatar da ba wasu littattafan maki na ɗan lokaci. In sharhi ya bar littafi ya koma kan mutum to goge shi ki toshe mai shi ki kai rahoto, ba wani darasi a ciki.

Uwar_Alƙalami:

@Mai_Karatun_Dare 'yata kin faɗi gaskiya kuma ta shige ni, musamman maganar masoya masu far wa mutane, laifinmu ne da ba ma tsawatarwa. Amma ki tsaya ki ji namu ɓangaren. Babin da kika cinye a minti bakwai, wata ta yi awa huɗu tana taifin ɗinsa da babban yatsa a waya, ta goge ta sake, kuma mafi yawanmu ba abin da muke samu a kai. Marubucin littafin takarda yana gama aikinsa ne kafin kowa ya gani, mu kuwa muna tsakiyar rubutu ake kallon mu, in ka saki babi ka ji tsit sai shaiɗan ya fara raɗa maka ai ba kyau, ai sun gudu. Labarai da yawa da kuke jin haushin an bar su a rabi, ba lalaci ba ne, shirun ne ya kashe su. Ban goyi bayan yin garkuwa da babi ba, amma danna tauraron nan ai ko da ido ɗayan ne za ki iya.

Mai_Karatun_Dare:

Na karɓi wannan Anty, zan riƙa dannawa. Amma wanda ya ce sai komen ɗari har yanzu ba ruwana dashi 😌

Sabuwar_Marubuciya:

Na dawo, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Anty ban iya jiran kwana ukun ba, daren jiya na zauna na yi ƙirgan. Babi 31, jarumata ta yi kuka a 23, a babi na tara ma sau uku, har da wanda ni kaina na rasa me aka yi mata 😭 Sai lambobin: babi na ɗaya 3,400, na biyu 2,100, na biyar 1,300, na goma 950, daga nan kuma har na 31 bai sauka ƙasa da 880 ba. Wato duk wanda ya tsallake goman farko ya zauna, a can baya ne nake zubar da mutane, daidai inda baiwar Allahn nan ta nuna. Abin da ciwo amma ba ta yi ƙarya ba.

Likita dai ba zai samu ba, 'yan likita su yi haƙuri, amma na gane ban ba abokin yayan nata fili yadda ya kamata ba shi ya sa ba a son shi, sau huɗu kacal ya yi doguwar magana a duk littafin, to babuka masu zuwa zai fito sosai. Babukan farko ba zan taɓa su yanzu ba kar in rikita masu bi, sai na kai ƙarshe in dawo in matse su. Na rubuta mata "na gode da kika karanta", na goge ƙarin layi huɗun da na so in ɗora a ƙasa.

Malam Ɗan_Lissafi na karɓi wayar ƙanwar tawa na cire tauraron da na ba kaina, yanzu ina kan 4.3, ita kuma ta ce tunda an ba ta dama za ta karanta da kanta ta ba ni abin da ta ga ya dace, kuma ta riga ta faɗa min ita 'yar likita ce.